Buta biyar a alwala ɗaya: Anti, haukacewa nake yi?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, ina aure a nan Kaduna, ina da yaro ɗaya mai wata bakwai. Tun ina budurwa nakan daɗe wajen alwala har 'yan gidanmu suna min tsiya, amma tun da na dawo daga wankan jego abin ya zama wani iri. Sai in cika buta sau huɗu, sau biyar, raina bai kwanta ba. Da na ɗaga hannu zan yi kabbara sai zuciyata ta ce na bar lam'a a gwiwar hannu, ko iska ta fita. Shekaranjiya sau shida na sake Azahar, har aka kira La'asar ina kan darduma. In yaron ya yi fitsari, zanin gado da kayan jikina da duk abin da na taɓa sai na wanke. Hannuwana duk sun tsattsage, mai ruwa kuwa kullum yana ƙofarmu.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani lokaci ina yanka albasa sai in ga hoton wuƙar a jikin ɗana a cikin raina. Wallahi Anti ina son yaron nan fiye da kaina. Na tattara wuƙaƙen gidan na kulle a sito, 'yar maƙwabtanmu nake kira ta yi min yanke-yanke. A cikin salla kuma munanan maganganu game da Allah suna faɗo min, irin waɗanda ba zan iya rubutawa ba, sai in yi ta kuka ina maimaita kalmar shahada.

Maigidana ya yi haƙuri da farko, har tsayawa yake yi ya kalli alwalata ya ce min ta yi. Yanzu ya gaji, ya ce ni na ga dama. Hajiyarsu ta ce iska ce, an yi min ruƙiyya sau biyu, na ji sauƙi na kwana biyu abin ya dawo. Ƙanena da ke karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a ya ce cuta ce da aka sani, in je Barnawa. Maigidan ya ce matarsa ba za ta je asibitin mahaukata ba. Anti, haukacewa nake yi? Imanina ne ya tafi? In na faɗi maganar wuƙar, za a raba ni da ɗana?

Ƙanwarki a Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya raya yaron nan. Na karanta takardarki sau biyu, kuma wurin da na fi tsayawa shi ne inda kika ce kin kulle wuƙaƙe a sito. Wata nawa kina ɗauke da wannan ke kaɗai, kina kwana da mutum a ɗaki ɗaya bai sani ba. Don haka bari in fara ba ki amsa a dunƙule kafin in warware. Abin da kika bayyana bai yi kama da hauka ba, bai yi kama da tafiyar imani ba, kuma macen da ke son cutar da ɗanta ba ta ɓoye wuƙa tana kuka. Daga takarda ba a yanke wa mutum ciwo, sai likita ya zauna da ke, amma ƙanenki ya kama hanya. Duk alamun da kika lissafa na cutar waswasi ne, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da OCD.

Ƙafa biyu cutar nan take tsayawa a kai. Ta farko tunani ne ko hoto ko shakka da ke kutsowa ba a gayyace shi ba, ya tsaya ya ƙi tafiya, ya tayar wa mutum da hankali. Ta biyu kuma ita ce abin da mutum ke yi don ya samu sa'ida: sake alwala, sake salla, wanke-wanke, duba ƙofa ko gas sau goma, tambayar wani "ka tabbata?", ko maimaita wata kalma a zuci. Kowa na ɗan taɓa irin wannan. Likitoci suna kiransa cuta ne idan ya fara cin fiye da awa ɗaya a rana, ko ya hana mutum harkarsa ta yau da kullum, ke kuwa kin wuce nan da nisa. Kusan mutum 2 cikin 100 na haɗuwa da ita a tsawon rayuwarsu, wato a gidan bikin da mata 200 suka taru, da wuya a rasa uku ko huɗu da suka san abin da kike faɗa, kowacce tana zaton ita kaɗai ce. Galibi tana somawa ne tun ƙuruciya ko farkon balaga, kamar yadda taki ta soma, sannan ciki da haihuwa na daga cikin lokutan da aka san tana tasowa da ƙarfi. Rashin barci, canjin jiki, da nauyin rai guda da aka ɗora miki a hannu, duk itace ne a wutar.

Maganar wuƙa ce ta fi ci miki rai, don haka a nan zan daɗe. A 2014 wasu masana suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗalibai 777 a ƙasashe 13, cikinsu har da Saliyo da Iran da Turkiyya. Sun tambaye su ko wani mummunan tunani da ba sa so ya taɓa faɗo musu a 'yan watannin da suka wuce. Fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce e. Masu lafiya ne fa, suna zuwa aji suna cin jarrabawa. Mutum na tsaye a kan gadar kogin Kaduna sai zuciya ta ce "in ka faɗa fa?", mai jego na saukowa daga bene da jariri sai ta ga kamar ya suɓuce. Ƙwaƙwalwa haka take, tana jefo hotunan haɗari kamar yadda kasuwa ke jefo hayaniya, kuma ga sabuwar uwa hotunan kan jariri suke sauka, domin shi take gadi dare da rana. Yawancin mutane sukan ce a'uzubillahi su ci gaba da yanka albasarsu, bayan minti guda sun manta. Mai waswasi kuwa sai ta tsaya ta yi wa tunanin fassara: tunda ya zo min, ashe haka nake, tunda na gani a raina, zan iya aikatawa. Masanan da ke bin hanyar wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, sun nuna cewa wannan fassarar ce ke kunna wutar fargaba, ita ke mayar da tunani mai wucewa ya zama baƙon da ya shimfiɗa tabarma.

Ki lura kuma da wuraren da waswasin ya zaɓa a rayuwarki: sallarki, tsarkinki, ɗanki, Ubangijinki. Bai taɓa zuwa miki a kan abin da ba ki damu da shi ba. Ɓarawo ɗakin da ake ajiya yake nufa.

Na san kin yi ta ƙoƙarin korar tunanin, yana ƙara dawowa. Gwada wannan yanzu: na minti ɗaya, kada ki kuskura ki tuna farin raƙumi. Ga shi nan tsaye a tsakar gidanki, ko? Wani masani mai suna Daniel Wegner ya yi irin wannan gwajin a 1987 da wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara, ya ga waɗanda aka hana tunawa ba su iya dainawa ba, da aka sake su kuma sai suka fi kowa tuna ta. Dalilin a fili yake: kafin ki tabbatar ba kya tuna abu, sai kin leƙa kin duba ko yana nan.

Akwai iyaka da nake so ki sani, ke da maigidan. Wata cuta daban ce ke kama mace 1 ko 2 cikin 1,000 bayan haihuwa, yawanci a makonnin farko, wadda hankali ke gushewa. Mai ita tana jin muryoyi da kunnenta, tana gaskata abin da babu shi, kamar a ce an musanya mata jariri ko an umurce ta ta yi masa wani abu, ta yi kwanaki ba barci ba ta jin gajiya, maganarta ta rikice. Babban abin da ya raba ku shi ne ita ba ta ganin wani aibu a tunaninta, ke kuwa naki ƙyamarsa kike yi, kin san daga cikin kanki yake fitowa, kin san bai dace ba. In har wata rana kika ji murya ana miki magana, ko tunanin ya daina ba ki tsoro ya fara kama da shawara mai kyau, ko kika ji kin gaji da rayuwa kina son ki kashe kanki, wannan ba na jiran gobe ba ne. A miƙa yaron hannun wani babba, a kai ki asibiti a ranar.

Batun imani kuwa, an riga an yi tambayarki tun zamanin sahabbai. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa wasu daga cikinsu sun zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a ransu da ɗayansu ke ganin girman furta shi. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka ce e, sai ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai suka ce ƙyamar da suka ji ita ake nufi. Kukan da kike yi a kan darduma shaida ce a gare ki. Saboda haka ki daina sake kalmar shahada duk lokacin da maganar ta faɗo, domin ba ki fita ba balle ki sake shiga, kuma maimaitawar ita ma ta zama buta ta shida.

To me ya sa abin ke ƙaruwa duk da wahalar da kike sha? A nan ne darussan farko da ake koya wa su ƙanenki suke da amfani. Wani ɗan Rasha mai suna Ivan Pavlov ya lura karnukan da yake bincike a kansu suna zubar da yawu tun kafin abinci ya iso, da sun ji motsin da suka saba ji kafin a kawo shi. Jiki na ɗaure abu biyu da suka saba zuwa tare. Haka taki ƙwaƙwalwar ta ɗaure buta da fargaba, ta ɗaure wuƙa da fargaba, har ganinsu kawai ke sa gabanki faɗuwa. Sai wani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya nuna ɗaya ɓarin da ɓeraye: in ɓera na cikin akwatin da ke ba shi wahala, ya taka wani ƙarfe wahalar ta tsaya, to ya koyi taka ƙarfen ke nan, ba ya bari. Duk abin da ya kawar maka da wahala nan take, jikinka zai nemi ka maimaita shi. Shakka ta zo, ƙirjinki ya ɗaure, kika sake alwala, kika ji sanyi na minti biyu. Wannan ɗan sanyin shi ne ladan da cutar ke karɓa, kuma da shi take girma. Ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa lallai akwai haɗari, sakewar ce ta cece mu, gobe ma a sake. Kamar susar ƙazuwa ne, daɗi a lokacin, gyambo daga baya. Kulle wuƙaƙen ma haka ya yi miki: kin samu barcin dare ɗaya, amma kin hana kanki ganin cewa za ki iya riƙe wuƙa yaro na goye a bayanki ba abin da zai faru.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne malaman fikihu sun riga likitoci isa wurin. A ƙananan littattafan Malikiyya da muka karanta a Islamiyya akwai hukuncin wanda shakka ta aure shi, wanda ake kira mustankihi, wato wanda take zo masa kullum. An ce ya watsar da ita, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, in a salla ne ya yi sujjadar ba'adi ya tashi. Shakkar da ke warware alwalar sauran mutane a mazhabar, shi ba ta warware tasa. Ga hadisin da aka ce kada mai salla ya juya sai ya ji ƙara ko wari. Ga shi Annabi da mudun Nabi guda na ruwa yake alwala, abin da bai kai rabin butarki ba. An kuma yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinta na jariri muddin tana iya ƙoƙarinta, aka so ta ware zane guda na salla. Ni ba malama ba ce, don haka ki sami malama ɗaya ko malami ɗaya da kika yarda da saninsa, ki karanta masa abin da kika rubuto min game da alwala da salla, ya ba ki hukuncin sau ɗaya. Ki rubuta a takarda ki manna kusa da inda kike salla. Sau ɗaya na ce. Yawon tambaya daga wannan malami zuwa wancan, da kwana ana sauraren wa'azin tsarki a waya, shi ma wata sakewar ce da ta sa hijabi.

A 1966 wani masani a Landan, Victor Meyer, ya gwada kusan wannan a kan marasa lafiya biyu da abin ya gagara. Ya sa suka tunkari abin da suke tsoro, aka hana su wanke-wanken da suka saba, aka zauna da su har fargabar ta sauka da kanta. Suka samu sauƙi ƙwarai, kuma har yau wannan hanyar ce kan gaba wajen maganin cutar a duniya. Sirrinta shi ne fargaba ba ta iya tsayawa a ƙololuwa. Tana hawa, ta tsaya, ta gangaro, ko an yi mata hidima ko ba a yi ba. Ke ba ki taɓa ganin gangarowarta ba ne saboda kullum tun tana hawa kike zuwa da buta.

Ga yadda za ki soma a gida kafin ki ga likita, kuma sannu-sannu, kada ki ce gobe za ki warke. Kwana uku na farko kada ki canza komai, ki sami ɗan littafi kawai ki riƙa rubuta buta nawa, minti nawa, sau nawa aka sake kowace salla. Sannan ki zaɓi salla ɗaya, wadda ta fi miki sauƙi, ba Azahar ɗin da ta fi ba ki wuya ba. A wannan sallar buta ɗaya ce, kowace gaɓa a wanke ta ba komawa baya, in ruwan ya ƙare an gama. Ki yi kabbara ɗaya. Zuciya za ta yi ihu cewa akwai lam'a, ki ce mata "wataƙila", ki ci gaba da Fatiha. Kada ki tsaya gardama da ita, ba a cin waswasi da hujja, duk amsar da kika ba shi yana da wata tambayar a aljihu. Bayan sallama za ki ji kamar ƙaya a ƙirji. Ki tashi daga dardumar, ki ɗauki yaron ko ki ɗora tukunya, ki duba agogo ki ga minti nawa abin zai yi kafin ya lafa, ki rubuta. In kin yi mako guda a haka, ki ƙara salla ta biyu.

Ki sa rai kwanakin farko za su fi zafi. Akuyar maƙwabta da kika saba zuba wa dusa, ranar da kika daina ai sai ta fi kullum kuka a ƙofa, har da tunkuyi. In kika fito da dusar a rana ta uku, kin koya mata cewa dagewa na biya. In kuma kin zame kin sake alwala wata rana, ba a koma farko ba, ki ɗora daga salla ta gaba. Wuƙaƙen kuwa ki bar su sai kin samu mai jagorantarki a asibiti, shi zai tsara miki matakan. Hannuwan nan a riƙa shafa musu man kaɗe ko basilin bayan kowane wanki, kafin hunturu ya same su a haka.

Maigidanki ba mugu ba ne, ƙanwata. Mutumin da zai tsaya yana kallon alwalar matarsa don ranta ya kwanta, yana sonta. Ya gaji ne, ga kuɗin ruwa, ga abinci ba ya sauka a kan lokaci, ga shi duk abin da ya yi bai ga canji ba, sai ya ɗauka ganin dama ne, domin rabin labarin kawai ya sani. Abin da bai sani ba shi ne taimakon nasa ma na ciyar da cutar. Duk "ta yi" da ya ce miki dusa ce. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, yaro ya yi barci, ki ba shi wannan amsar ya karanta da kansa. Ku yi yarjejeniya: in kin tambaye shi ko alwalarki ta yi, ya ce "mun yi alkawari ba zan amsa wannan ba, amma ina nan tare da ke", ba tsawa ba gori. Ya daina tsayuwar gadi. In yana son ya taimaka, ya karɓi yaron wasu darare ki samu barci, ya kuma raka ki asibiti. Malam, in kai ne ke karantawa: matarka ba ta zaɓi wannan ba, kamar yadda mai hawan jini bai zaɓa ba, kuma faɗa ba ya rage shi ko da cokali guda. Abin da dangi za su ce kuwa, ba dole su ji ba. Mutum na zuwa asibiti ya dawo ba tare da an yi shela ba.

Hajiya ita ma da abin da ta sani take neman miki lafiya, kada ki ja da ita a kan iska ko ba iska ba, ba za ki ci wannan muhawarar ba kuma ba kya buƙatar cin ta. Addu'a da karatun Alƙur'ani da azkar ɗinki na safe da yamma ki riƙe su, babu likitan kirki da zai hana ki. Maigidan ne ya kamata ya yi mata magana, ba ke ba, ya ce za a haɗa da asibiti kamar yadda ake yi wa kowane ciwo, a ci gaba da addu'a. Abu biyu ne ban yarda da su ba: duk wurin da za a doke ki ko a ɗaure ki ko a ajiye ki da sunan magani, da duk wanda zai ce ki bar maganin likita. Mu a garin nan mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga wani gida a Rigasa a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, kuma iyayensu ne suka kai su da kyakkyawar niyya.

Ƙanenki ya kyauta. Ki gode masa, ki bar shi ya taya ki shawo kan maigidan in suna jituwa, amma kada ya zama likitanki. Ɗalibi ne, kuma ɗan'uwa, akwai abin da ba za ki iya buɗe masa ba.

Sunan da mutane suka laƙaba wa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa shi ke korar masu buƙatarsa. Da yawa daga masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su koma gida ko wurin aiki: masu rashin barci, masu farfaɗiya, masu ciwon damuwa, masu irin naki. Ciwonki galibi ba a kwantar da mutum a kansa. Ƙasar ma ta motsa, domin a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mara lafiya, har da rufa masa asiri. In duk da haka maigidan ya kafe a kan Barnawa, kada ku tsaya a nan. Ku fara da babban asibiti, Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko ma inda kike kai yaro rigakafi, ki ce kina son ganin likita a kan kanki, shi zai tura ki inda ya dace. Asibitin koyarwa na Shika a Zariya ma yana da sashen, in nisan ya fi muku rufin asiri.

Mutum biyu za ki iya haɗuwa da su. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke tantance ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuma shi ke zama da ke mako-mako yana jagorantar wancan horon na tunkarar tsoro ba tare da sakewa ba, yawanci zama 12 zuwa 20. Ki tambaya da bakinki ko akwai mai yin wannan, domin hira kawai da ba da haƙuri ba sa kawar da waswasi. In an ba ki ƙwaya, yawanci daga dangin fluoxetine ko sertraline ne. Ba sa bugarwa, ba irin su tramadol ba ne, amma suna da nawa: a wannan cutar sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken aikinsu, don haka kada ki yar da su a mako na biyu ki ce ba sa yi, kada kuma ki yanke su rana ɗaya in kin ji sauƙi. Ki gaya wa likita kina shayarwa, akwai waɗanda ake ba masu shayarwa, ba sai kin yaye ba. Kada ki je kemis a haɗa miki maganin barci. Ki roƙa a duba jininki da maƙoƙo, domin bayan haihuwa ƙarancin jini ko rikicewar wannan ƙullin na wuya kan ƙara bugun zuciya da fargaba. In kuma kina yawan kuka, abinci ya fita ranki, ba abin da ke miki daɗi, ki faɗa, saboda ciwon damuwa na bayan haihuwa na yawan tafiya tare da waswasi.

Saura tambayarki ta ƙarshe. Likitan da ya san aikinsa ya sha jin maganar wuƙa daga bakin iyaye mata, kuma ya san bambancin mai tsoron tunaninta da mai bin tunaninta. Zai yi miki tambayoyi don ya tabbatar, wannan aikinsa ne, kada su firgita ki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in kika faɗi alwala kika ɓoye wuƙa, rabin magani za ki samu. Hajiya da sauran dangi ba sai sun ji wannan ɓangaren ba, ba kowa ke da sanin da zai ɗauke shi yadda yake ba. Maigidan kuma, in kina tsoron yadda zai karɓa, ki bari sai kuna gaban likita a faɗa tare a yi masa bayani. In bakinki ya yi nauyi a ranar, ki kwafe sakin layi na biyu na takardar da kika aiko min, ki miƙa wa likitan ya karanta. Ki tafi da ɗan littafin nan na lissafin buta. Bayan mako biyu ki sake rubuto min, ki gaya min salla nawa kika yi da buta ɗaya da abin da likitan ya ce.